Jarrabawa a Gareji

Ranar da kamfanin Halvyn ya fitar da sabuwar kwamfutarsa, Lorraine Beaudry har layi ta bi cikin sanyin garin Duluth na Amurka, sai ka ce kyauta ake rabawa. Masana'antar takardar da ta ƙarar da ƙuruciyarta a ciki ta rufe, yanzu lasisin dillancin gidaje take nema. Wani ofishi ya yi alkawarin ɗaukarta in ta ci jarrabawa kafin wata ya ƙare. Daga gida ake rubutawa, mai sa ido na kallonka ta kyamara. Hotonka ya ɗauke, ka faɗi, babu roƙo babu magiya.

Kwamfuta kuwa ga kyau, ga sheƙi, amma da ta ɗan yi ɗumi sai ɗif, ta mutu.

Lorraine ta kira kamfanin har ta haddace kiɗan da suke sa wa mai jira. Kowane kira sabon mutum, tambayar kuwa ba ta canzawa.

"Madam, kin gwada kashe ta ki sake kunnawa?" in ji wani ma'aikacinsu mai suna Corbin.

"Bawan Allah, ai ita ke kashe kanta. Shi kaɗai ta iya."

"Na fahimci damuwarki ƙwarai."

"Ba ka fahimta ba. Da ka fahimta da kunya ta hana ka magana. Ku canza min wata."

Babu wata, duk sun ƙare. Amma injiniyoyi na kan gyara, za a turo shi ta intanet. Corbin ya nuna mata inda za ta danna, don gyaran ya shiga da kansa da zarar ya fito. Ta danna. Da ta tambaye shi yaushe, sai ya ce nan ba da jimawa ba, amsar da ke sa ta ji kamar ta shaƙe wayar.

Tsohuwar kwamfutar gidan ba ta da kyamara. Mijinta Duane ne ya kawo shawara, yana cin gasasshen burodi hankali kwance.

"Ke, zafi ne ba ta so, ko? Kai ta garejin gidan nan mana, sanyinsa kamar firji. Can muke ajiye duk abin da ba ma so ya lalace."

Ta harare shi, ta kira shi sarkin dabara. Amma da ta gwada, kwamfuta ta wuni garau tsakanin tayoyi da injin kwashe dusar ƙanƙara.

Ranar jarrabawa ta zauna a gareji cikin rigar sanyi mai kauri, numfashinta na fita kamar hayaƙi. Mai sa ido, wata mata mai muryar gajiya, ta ce a cire hula da safar hannu, doka ce, dole a ga kunnuwa da yatsu. Sannan a zagaya da kyamara.

"Mene ne wancan a rataye?"

"Barewa ce, maigidana ya harbo. Kwantar da hankalinki, ba ta san amsa ba."

Matar ba ta yi dariya ba.

Aka fara. Kunnuwan Lorraine suka yi zugi, har suka daskare. Yatsunta suka sandare har da gaɓa take danna amsa. Amma tambayoyin duk ta san su, kwamfuta kuma shiru, ko tari babu. Saura kaɗan ta gama, har ta fara tunanin kayan da za ta sa ranar farko a ofis.

Sai allo ya rikiɗe shuɗi. Fitilar kyamara ta mutu. Rubutu ya fito da manyan baƙaƙe: albishir, gyaran da ake jira ya iso, a yi haƙuri kada a kashe.

Ta daka tsawa, ta danna duk abin da ke dannuwa, ta zagi Corbin da injiniyoyinsa har kakanninsu. Gyara dai ya ci gaba da shiga a natse.

Da kwamfuta ta farfaɗo, saƙon masu jarrabawa na jiranta. Hoto ya ɗauke, an soke. Zama na gaba sai wata mai zuwa.

Lorraine ta ɗauko kwamfutar zuwa kicin, ta dangwarar da ita dab da murhu, ta tsaya a kanta tana jira ta mutu, ko ta sami hujjar yin jifa da ita. Kwamfuta ta yi ɗumi, ta yi zafi, ta ci gaba da aiki lafiya lau.

Duane ya miƙo mata kofi, ya leƙa allon.

"Kin ga kuwa ta gyaru," ya ce a hankali.

Nan ne hawaye suka zubo mata.