Minti Ashirin da Ɗaya na Malam Siddiƙ

Malam Siddiƙ ya dawo Tambuwal daga gudun fanfalaki na Legas da ƙafa a kumbure, faratansa biyu sun yi baƙi. Ya dai gama kilomita arba'in da biyun, amma goman ƙarshe da ɗingishi ya yi su, har wata dattijuwa mai furfura ta wuce shi tana yi masa sannu. Shekararsa arba'in da huɗu, malamin lissafi ne a sakandare, kuma shekara guda cur ya yi yana shirin wannan rana. Lambar da aka rataya masa a wuya cikin akwati ya jefa ta. Wanda duk ya tambaye shi labarin Legas, sai ya ce an gode Allah, ya kawo wata magana.

Abin da ya rage masa shi ne gudun Asabar. Kowane mako bayan sallar asuba, mutum kamar ashirin kan haɗu a bakin filin makaranta, malamai da ma'aikatan lafiya da 'yan kasuwa, su bi wata miƙaƙƙiyar hanyar burji da ta ratsa gonaki har inda aka aje tsohuwar tayar mota, su zagaye ta su dawo. Kilomita biyar ke nan. Abdulganiyyu tela, amininsa tun suna firamare, shi ke kai tayar a babur ya dawo ya riƙe lokaci da wayarsa, tun da ciwon gwiwa ya raba shi da gudu. Mafi kyawun abin da Siddiƙ ya taɓa yi a wannan hanya minti ashirin da biyu ne da daƙiƙa goma. Ya ƙudurta a ransa cewa in ya karya wannan, to Legas tsautsayi ce, ba tsufa ba.

Asabar uku a jere jiki ya ƙi. Ashirin da huɗu da ɗoriya, kullum. Ya rage cin abinci, ya riƙa yi wa mutanen gida faɗa a kan abin da bai kai ya kawo ba.

A ta huɗu sai Abdulganiyyu ya karanta masa ashirin da uku daidai. Mako na gaba ashirin da biyu da rabi. Siddiƙ mutum ne mai gudu kai a sunkuye, yana ƙirga numfashi, ba ya duban gefen hanya, ga gonakin duk kama ɗaya. Ya lura su ma sauran lokacinsu yana raguwa, sai ya ɗauka shi ke jan su. Ranar da aka ce masa ashirin da ɗaya da daƙiƙa arba'in, durƙusawa ya yi a ƙasa, mutane suka kewaye shi suna tafi. Abdulganiyyu ya rungume shi. A ranar Siddiƙ ya fito da lambar Legas ya rataye ta a ɗaki, ya cinye tuwon da matarsa Hafiza ta kawo har ya nemi ƙari.

Labari ya kai Kebbe. Gazali, wani malamin dabbobi da ke ƙoƙarin kafa irin wannan gudu a can, ya bugo masa waya ya roƙe shi ya zo ya buɗe musu, ko mutane sa ga abin koyi. Siddiƙ ya amsa da murna. Abdulganiyyu ne ma ya ɗinka masa sabon wandon gudu, ya kawo masa har gida ranar Juma'a, ya yi masa addu'ar sauka lafiya. Siddiƙ ya hau babur bayan an sauko masallaci, ya sha gargadar hanya har Kebbe, ya sauka gidan ƙanwarsa Mu'minatu.

Da safe Gazali ya gabatar da shi a gaban mutum talatin, ya faɗi shekarunsa, ya faɗi lokacinsa, aka yi ta jinjina kai. Aka tashi. Siddiƙ bai rage komai ba, ya ba da duk abin da ke ƙirjinsa, amma tun kafin a juyo ya ji hanyar ta ƙi ƙarewa. Shi ne na bakwai, bayan mutanen da ba su fi wata guda da fara gudu ba. Ashirin da huɗu da daƙiƙa goma sha biyar.

Yana haki ya ce wa Gazali awonsu ba daidai ba ne, hanyar ta zarce kilomita biyar. A gaban jama'a ya faɗa, da ɗaga murya. Gazali bai yi musu ba. Ya nuna masa agogon hannunsa mai auna nisa, ya ce kuma sau biyu suka bi hanyar da mitar babur. Sannan ya ƙara da cewa wataƙila gajiyar tafiya ce, don ya rufa masa asiri.

Siddiƙ bai tsaya cin abincin da Mu'minatu ta dafa ba. Da ya iso Tambuwal bai shiga gida ba, kai tsaye hanyar burjin ya bi, ido a kan mita. Bai sha wuyar gane inda ake juyawa yanzu ba, sawun takalma ya zagaye wurin. Ya ci gaba a hankali. Can gaba, dab da wani kwalbati, ya ga tsohon gurbin, inda ƙafafu suka shekara uku suna murje ƙasa har ciyawa ta daina fita. Ya sauka ya ƙirga da taku. Zuwa da dawowa, kusan rabin kilomita aka cire.

Ya tarar da Abdulganiyyu a shago yana kan keken ɗinki. Ya yi sallama, ya ƙi zama.

"Wa yam matso da tayar?"

Ƙafar Abdulganiyyu ta tsaya a kan keken. Ya ce, "Ni na."

"Wa yas sani?"

"Kowa."

Daga nan ya shiga bayani. Ya ce Hafiza ce ta kai kuka wurin matarsa cewa maigida ba ya ci, ba ya walwala. Ya ce da farko taku kaɗan ya rage, don dai ya ga ya yi murmushi sau ɗaya, da niyyar maida tayar mako na gaba. Da ya ga yadda ya farfaɗo sai ya kasa, ya ƙara, ya kuma ƙarawa. Sauran sun gane tun mako na biyu, shi ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya roƙe su su yi shiru.

"Tausai na, Siddiƙ. Wallahi ba wulaƙanci nika nufi ba."

"Mutum ashirin suna tafa min, kowa ya san ƙarya ta, ni ɗai ab ban sani ba," in ji Siddiƙ. Muryarsa ba ta tashi ba. "Wannan ma na ji. Amma ka san za ni Kebbe. Kai kaɗ ɗinka min wandon. Ka tsaya ƙofar gidana ka yi min addu'a, ba ka ce komi ba."

Abdulganiyyu ya ce ya so ya faɗa, bakinsa ne ya yi nauyi. Siddiƙ ya juya ya fita.

A gida ya tambayi Hafiza. Ba ta ɓoye ba. Ta ce ita ba ta ce a taɓa taya ba, amma ta ji labari daga baya, ta kuwa yi shiru domin ta ga ya dawo mutum. Ya fita tsakar gida ya kira Gazali ya ba shi haƙuri, ya gaya masa gaskiyar lamarin, ya roƙe shi ya faɗa wa mutanensa cewa awonsu daidai yake.

Wata biyu bai je gudun Asabar ba. Shi kaɗai yake fita, ta hanyar Jabo. Abin da ya fi cinsa ba lokacin ba ne, fuskokin ne. Duk wanda ya gamu da shi a kasuwa ko masallaci, sai ya tuna yadda ya tafa masa a ranar nan. Sau biyu Abdulganiyyu ya zo ƙofar gida, Siddiƙ ya fito suka gaisa a tsaye, bai shimfiɗa tabarma ba.

Da ruwa ya sauka aka yi shuka, ya koma gudun Asabar. Babu wanda ya tayar da maganar, kowa sai gaisuwa mai tsawo da kauda ido. Ya miƙa wa Ladan, wani ma'aikacin lafiya da bai daɗe da zuwa garin ba, wayarsa ya ce ya riƙe masa lokaci. Ya yi ashirin da uku da daƙiƙa arba'in da takwas. Wasu suka ɗaga hannu za su tafa, suka fasa.

Da aka watse, Abdulganiyyu ya tada babur ya matso kusa da shi, ya ja jiki gaba ya bar masa wurin zama. Siddiƙ ya yi masa godiya, ya ce zai taka da ƙafa.