Minti Bakwai na Alwyn

Shekara ashirin da biyu ina riƙe da ƙofar zaure a bikin furanni na garinmu, ban taɓa ɗaga wa kowa ƙafa ba. Asabar ta biyu a watan Satumba, sanyin Tasmaniya ya fara sakin mutane, ƙarfe tara na safe nake kaɗa ƙararrawa in sa sakata. Wanda ya kawo furen dafodil gasa zai rubuta sunansa a kati ya ninke, don kada alƙali ya gani, ni kuma in rubuta lokacin isowarsa a baya. Katin da ba lokaci, kwandon shara ne makomarsa. Ba ni na kafa dokar ba, amma na so ta fiye da kima.

Shekara shida da suka wuce, Alwyn Tresize ya iso tara da minti bakwai, taɓo har gwiwa. Rafi ne ya cika, sai da ya zagayo ta gadar sama.

"Haba Noelene, aji ɗaya fa muka yi," in ji shi.

"Agogo ma ɗaya muke dubawa," na ce, na tura ƙofa.

Ya ɗan tsaya da kwalbar furensa a hannu, sannan ya juya. Kafin wani bikin ya zagayo an binne shi. Tun daga nan, duk shekara in na ɗaga ƙararrawa sai na tuna shi.

Bana ma na rufe a kan lokaci. Zauren ya cika da bargunan saƙa, da zuma, da cokulan katako da tsofaffinmu ke sassaƙawa ba mai saye. Ina zagayen duba katuna sai na ga wata koriyar kwalba a ƙarshen teburi, fure ɗaya a ciki, fari fat, tsakiyarsa ja. Ba ta hannuna ta shigo ba, kuma zauren ƙofa ɗaya gare shi. A ƙasan teburin akwai ɗanyen taɓo, alhali an yi mako ba ruwa.

Na yi abin da ban taɓa yi ba, na buɗe katin. Rubutun nan mai karkata hagu, na Alwyn ne, tun muna yara na san shi.

Na nufi kusurwar da Coralie, matarsa, ke zuba wa mutane shayi.

"Coralie, ke kika kawo wancan?"

"Wanne? Tun bakwai ina nan, a gabanki na shigo da buta."

Na nuna mata. Ta ajiye butar a hankali.

"Irin da ya haɗa ne makon da kika kore shi," ta ce. "Kin san shekara shida iri ke yi kafin ya ba da fure. Jiya ya buɗe. Na fita da almakashi da safe, na tarar an riga ni."

"Wa ya riga ki?"

"Ke ce mai gadin ƙofa, ni za ki tambaya?"

Tsoro ya kama ni, ba zan ɓoye ba, amma kunya ta fi shi yawa.

Alƙalin, Mista Dunbabin, ya riga ya kai wurin. Ya daɗe a sunkuye a kan furen, sannan ya juya katin ya yafuto ni.

"Madam, ban ga kamarsa ba yau. Amma ba lokaci a jiki. Kin san dokarki."

Na sani. Na kalli kwandon, na kalli taɓon da bai bushe ba. Coralie tana tsaye a bayana.

"Mantuwa na yi," na ce. "A gabana ya shigo."

Na rubuta tara saura biyar. Sannan na koma bakin ƙofa na zare sakatar, na bar ta a buɗe, ko da Alwyn yana son ya ga sakamako.