Zanen da Farfesa Bai Ƙarasa Ba

Littafin ilimin sassan jiki guda ɗaya ne a laburaren kwalejin, alhali ɗaliban shekarar farko kan cika babban ɗakin lacca har bakin ƙofa. Wanda ya riga zuwa ya ɗauka, sauran su jeru a benci kamar masu jiran ganin likita. Shekara da shekaru haka ake. Duk taron sashe sai an ta da maganar, kowa ya girgiza kai ya ce Allah ya kyauta, a shigo da shayi, a watse.

Sabuwar malamar da aka ɗauka bara ce ta ƙi tsayawa a Allah ya kyauta. Daga wata jami'a ta zo, ba ta san al'adun gidan ba, kuma ba ta damu ta sani ba. Tafiyarta sauri, maganarta sauri, tun ba a je ko'ina ba abokan aiki suka laƙaba mata Gaggawa. A taro ta miƙe ta ce ita za ta haɗa littafi, a ɗora shi a intanet kyauta, da lasisin da ya yarje wa kowa ya sauke, ya buga, ya gyara, ya fassara, muddin zai ambaci masu shi. Aka ce mata Allah ya taimaka, da irin muryar da ake yi wa wanda ya ce zai kwashe kogi da cokali.

Rubutun bai gagare ta ba. Zane ne ya tsaya mata a wuya. Ilimin sassan jiki ba ya koyuwa sai da hoto, hotunan manyan littattafai kuwa suna da masu su, ba a taɓa su sai da izini. Zanen da ya fi kowanne kyau a kwalejin na wani tsohon farfesa ne da ɗalibai ke kira Mai Alli, don ko da aka cika ɗakuna da majigi shi bai rabu da allo da alli ba. Ritayarsa ta kusa. Mutum ne mai rowar magana, in ya ce maka "to" ka gode wa Allah.

Gaggawa ta yi ta sintiri ofishinsa tana bayani. Ya saurare ta yana goge tabarau, ranar nan dai ya jawo durowa ya miƙa mata wani kumburarren fayil. Ya ce wannan na ƙashi ne da ƙirji da ciki. Akwai na biyu, na ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, yana gida, sai ya ga abin da ta yi da na farkon.

Da ta baje takardun a teburinta sai da ta riƙe baki. Layi siriri, tsaf, kamar hannun bai taɓa rawa ba. Abu ɗaya ne ya dame ta, kusan duk zanen rabi ne. Haƙarƙarin dama ya fito cif, na hagu babu. Ƙoda ɗaya da jijiyoyinta, gurbin ɗayar fari fat. Jijiyar jini ta taso daga kafaɗa, ta zo gwiwar hannu ta tsaya cak. Ta ce a ranta, ka ji irin tamu, mutum ya yi shekaru bai ƙarasa aikinsa ba kuma babu wanda ya ce masa uffan. Ba ta koma ta tambaye shi ba. Ta ɗauki hotonsu a kwamfuta, ta zauna duk hutun zango tana cike gurabe. Mijinta, mai shagon magani ne, ya ce shi dai ya auri mace ya wayi gari da ƙwarangwal a falo, ko'ina ya juya ƙashi ne ke kallonsa.

Littafin ya hau shafin laburare kafin a koma karatu. Sunan Farfesa a sama, nata a ƙasa. Ɗalibai suka yi ta saukewa a wayoyinsu, bencin laburare ya huta. Har da waɗanda ba ta koyarwa suna tare ta a baranda suna godiya. Ta fara jin cewa ashe dutsen ma yana motsuwa in an tura.

Wata safiya tana shirin shiga aji, Farfesa ya turo ƙofarta ba sallama. Bai taɓa zuwa ofishinta ba. Ya ajiye wasu shafuka da ya karɓa a hannun wani ɗalibi, ya ɗora yatsa a kai.

"Malama, wa ya ƙarasa mini ƙodata?"

Ta ce ita ce, ranka ya daɗe, gani ta yi ba a gama ba.

Ranar ta ji maganar da ba ta taɓa jin ya yi mai tsawonta ba. Ya ce ido maƙaryaci ne. Ɗalibi ya kalli cikakken zane sai ya gyaɗa kai ya ɗauka ya sani, ran da aka miƙa masa allura kuwa ya rasa inda jijiya ta bi. Shi ya sa yake zana rabi ya bar rabi. Sai yaro ya ɗauki fensir ya ja layin da kansa, ya kuskure, ya goge, ya sake, sannan abin ke zama a hannu. Farin wurin nan da ta cike, in ji shi, shi ne darasin, sauran duk rakiya ce. Ya ce ta sauke littafin, ta cire shi daga intanet. Fayil na biyu kuma ta cire rai.

Ta gaya masa gaskiya cewa za ta iya cire shi daga shafin, amma abin da mutane suka riga suka sauke ba ya dawowa, lasisin da suka sa wa hannu haka ya ce. Ya dube ta ta saman tabarau ya fita.

Abin da ya fi ƙona mata rai a ɗakin malamai ta same shi. Ashe kowa ya sani. Rabinsu ɗalibansa ne, duk sun cike waɗannan gurabe da fensirinsu. Sun gan ta tana ta fama da zanen a ofis, sun leƙo sun ce sannu da aiki. Da ta tambayi wani babban malami abin da ya hana shi faɗa mata, sai ya kurɓi shayinsa ya ce ai ba ta tambaya ba, kuma shi ba ya shiga sabgar da ba a gayyace shi ba. Haka ake kashe abu a wurare irin wannan, ba da faɗa ba, da sannu da aiki. Ita ma dai ta san nata laifin, ƙofar Farfesa ba ta fi taku kaɗan daga tata ba.

A gida ta kasa cin abinci. Darasin ƙwaƙwalwa da jijiyoyi na tafe a tsakiyar zango, shi ne wanda ya fi kayar da ɗalibai, ga shi za su koma layin benci saboda azarɓaɓinta. Mijin ya ce ta je ta ba dattijo haƙuri, durƙusa wa wada ma ba gajiyawa ba ne, balle wannan dogo ne. Ba ta yi dariya ba.

Washegari ta tafi wurin ma'aikaciyar laburaren da ke kula da shafin, wata mai haƙuri da kowa ke kira Anti, ta ce a sauke littafin. Anti ta buɗe kwamfuta, ta ce kafin a sauke ta zo ta ga wani abu. A ƙasan shafin akwai wurin da ake nuna waɗanda suka ɗauki aikin suka sarrafa shi suka mayar. Wani ya rage shi don masu koyon aikin jinya. Wani ya fara fassara babin farko. Na ƙarshen daga wata kwalejin ungozoma ne, a wani gari mai nisa da Gaggawa ba ta taɓa takawa ba.

Suka buɗe. Haƙarƙarin hagu babu. Ƙoda ɗaya. Wata malama ta bi zanen ɗaya bayan ɗaya ta goge rabi, ta bar fili. A bakin kowane fili ta ɗiga ɗan ɗigo, alamar inda ɗalibi zai ɗora fensir ya fara.

Gaggawa ta roƙi Anti ta dakata mata zuwa yamma. Ta tambayi kwatancen gidan Farfesa, ta ɗauki kwamfutarta.

Matarsa ce ta buɗe mata, dattijuwa mai fara'a, ta ce au, ke ce 'yar da ta hana Malam sukuni, shigo 'yata, tun jiya yake faɗa da kujeru. Falon ƙarami ne, littattafai har kan talabijin, ga wani ƙaramin allo jingine a bayan ƙofa. Gaggawa ta durƙusa ta gaishe shi, ta ba da haƙuri ba tare da ta kawo uzuri ba. Sannan ta ce akwai abin da take so ya gani, in ya gani ya ce a sauke, yau za a sauke.

Ya karɓi kwamfutar kamar an miƙa masa jaririn wasu. Ya daɗe a kan ƙodar. Ya wuce zuwa kafaɗa, ya dawo. Yatsansa ya tsaya a kan ɗigon. Ya ce wannan ba ya cikin takardunsa, a allo kaɗai yake yin sa. Ya tambaya wace ce matar.

Gaggawa ta karanta masa 'yan layukan da malamar ta rubuta a farkon nata. Malamar ta ce tana ganin zanen ta gane hannun, don haka malaminta, wanda ya rasu, yake zana ƙoda, rabi, da ɗigo. Yakan ce shi ma a wurin malaminsa ya koya, amma ba ta taɓa riƙe sunan ba sai da ta gan shi a kan littafin nan. Ta ce ɗalibanta ba su da littafi ko ɗaya kafin wannan. Ta gode wa mai zanen, ta gode wa wadda ta sake shi ya iso gare su, ta nemi afuwar goge rabi da ta yi, ta ce ita haka aka koya mata.

Matar Farfesa ta ce ashe Malam har jika gare ka a karatu ba ka sani ba. Shi kuwa ya cire tabarau ya daɗe yana gogewa. Da ya mayar sai ya koma kan zanen hannu, ya ɗaure fuska, ya ce jikar tasa ta yanke a inda bai kamata ba, ta goge mararrabar da jijiyar ke rabuwa biyu, yaro zai ɓata tun kafin ya fara.

"Ni ma ina da ikon gyara nata?"

"Kana da shi, Baba. Kowa yana da shi."

"Kuma za ta gani?"

"Za ta gani. Ita da duk wanda ya ɗauka a wurinta."

Ya sake duba allon kwamfutar. Daga nan ya ce kada a sauke. A mayar da nasa rabi yadda yake, shi ne zai zauna a cikin babi. Nata cikakken kuma, tunda ta riga ta sha wahala, kuma hannun nata ba laifi, a tura shi can ƙarshen littafi, ɗalibi ya gama nasa sannan ya je ya duba. Gaggawa ta yi ta gyaɗa kai.

Ya ce wa matarsa ta ɗauko masa koren fayil ɗin da ke saman kabad. Da aka kawo, Gaggawa ta miƙa hannu biyu. Bai ba ta ba, ya ɗora shi a cinyarsa ya dafe. Ya ce ƙwaƙwalwa ba ƙoda ba ce, shi zai kawo shi da kansa gobe, ta nemo masa kujera mai kyau kusa da tata, don bayansa ba ya son na roba. Kuma ta rubuta wa malamar nan ta ce kakanta yana gaishe ta, ta shirya karɓar gyara.