Hannun Hagu na Bashi Kasuba

"Ga shi can ya soma kiranka," na ce. "Yau ma zama za ka yi kana kallon akwatin rediyon kamar wanda aka kawo wa sammaci?"

Bashi Kasuba bai ko dube ni ba. Yana zaune a kujerarsa ta katako a ƙaramin ɗakin da ke bayan gidansa, hannun damansa a kan cinya kamar ba nasa ba. Daga cikin rediyon, a ƙarƙashin shuuu ɗin nan da ba ya ƙarewa, ƙarar ƙwanƙwasa tana fitowa, gajere da dogo, gajere da dogo. Ta tsaya. Sai muryar wani tsoho ta biyo baya da Turanci, yana kiran lambar rediyon maƙwabcin nawa, Bashi Kasuba, a hankali, yana jira, yana sake kira.

Na ajiye kwanon kunun da na kawo. 'Yarsa Kasuba, wadda don ita ake ce masa Bashi Kasuba, wato baban Kasuba, ta leƙo daga ƙofa da tsumma a hannu.

"Mama, ki ƙyale shi. Tun safe ya sa na kawo shi nan. Ba zai amsa ba, kuma ba zai yarda a kashe ba."

Makonni ke nan da ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Ƙafa ta tafi, hannu ya tafi, baki ya karkace. In ya yi magana sai ni da Kasuba muke ganewa, mu ma sai mun sa kunne sosai. Likita ya riga ya gaya wa Kasuba abin da ya gaya mata a waje, ita kuma ta gaya mini a bakin famfo.

Katanga ɗaya ce tsakanina da shi a unguwar ma'aikatan tagulla ta Luanshya, tun ina amarya. Shi ɗan ƙabilar Bemba ne, ni 'yar ƙabilar Ngoni daga Chipata, saboda haka abokan wasa ne mu tun kakanni. Bai taɓa kirana Amake Dalitso, wato uwar Dalitso, ba sai in akwai baƙi. Sunana a bakinsa Mai-cin-ɓera, nasa a bakina Mai-cin-biri. Aikin lantarki ya yi a mahaƙa har ya yi ritaya, amma abin da duniya ta san shi da shi wannan ɗakin ne. Ya ɗaura waya daga bishiyar piyarsa zuwa mangwarona ba tare da ya tambaye ni ba, yana magana da mutanen da ke bayan teku. Masu irin wannan sha'awa ba su da yawa a ƙasarmu a lokacin, don haka in ya buɗe baki sai ka ji Japan da Brazil da Rasha suna ture juna kamar mata a layin sukari, kowa yana so ya ce ya samu Zambiya. Bangon ɗakin duk katunan da suka aiko masa ne. Har Turawa sun taɓa zuwa da mota don su ɗauki hoto da shi, ni kuwa na ce musu su ɗauki na kajina da wayarsa ta hana barci.

A cikin duk waɗannan mutane, ɗaya ne nasa. Kuruvilla sunansa, wani tsohon ma'aikacin rediyon jirgin ruwa a Kerala ta Indiya. Kowace Lahadi bayan an taso daga coci suke haɗuwa, fiye da shekara talatin. Su fara gaisawa da ƙwanƙwasa a kan ɗan maɓallin tagullar nan, sannan su koma baki. Ba su taɓa ganin juna ba. Ba su kuma taɓa karɓar lambar tarhon juna ba, da gangan. Na taɓa tambayarsa dalili, ya ce, "Tarho na masu cin ɓera ne. Mu sama muke bi."

To yanzu Kuruvilla yana kira Lahadi bayan Lahadi, babu wanda ya gaya masa komai.

"Ka amsa masa mana," na ce. "Mutum yana can yana tsammanin ka mutu, kai kuwa kana nan kana cinye mini kunu."

Ya nuna bakinsa da hannun hagu, ya girgiza kai. Na gane. Mutumin da aka san muryarsa a ƙasashen da ban iya faɗin sunansu ba, ba ya so a ji shi yana jan harshe kamar mashayi.

"To wa ya ce sai da baki? Wannan abin fa?" Na nuna maɓallin. "Hannu biyu Allah ya ba ka. Ko na hagun na kama wutsiyar biri ne kawai?"

Ya harare ni da idon da ke buɗewa sosai. Ya ce wata kalma da na san zagi ce. Kasuba ta rufe baki tana dariya. Amma sai ya miƙa hannun hagun ya jawo maɓallin gabansa. Ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya soma.

Ni ban san wannan yare nasu ba, amma na shekara da shekaru ina jin sa ta katanga ina wanki. Hannun Bashi Kasuba yana gudu ne kamar ruwan sama a kan kwano, da wata 'yar rausaya a ƙarshe. Wannan da na ji ranar kuwa tafiyar gurgu ce. Ya buga, ya tsaya, ya ɓata, ya koma baya. Gumi ya keto masa a goshi. Da ya gama sai ya jingina, yana numfashi kamar wanda ya hau tudu.

Sai muryar ta dawo, amma ba yadda na san ta ba. Turancina na kasuwa ne, amma na ji kome.

"Wane ne wannan? Wannan ba hannun abokina ba ne. Na san hannunsa kamar yadda na san tafiyar matata a tsakar gida. Ko wane ne kai, ka ji kunya. In kayansa ka samu, to lambarsa ba taka ba ce. Ka sauka."

Ashe haka suke. Suna gane juna da yadda mutum yake bugawa, kamar yadda muke gane murya. Kuma an sha satar lambar Bashi Kasuba a baya, wasu can su riƙa kira da sunansa don a yi ta rububinsu. Kuruvilla ya ga makonni babu amsa, sai ga baƙon hannu. Me zai ce?

Bashi Kasuba ya sake kai hannu, ya buga da sauri, abin ya ƙara lalacewa.

"Na ce ka sauka," in ji muryar. "Ba zan ƙara amsa wannan lamba ba. Zan kashe."

Na ga fuskar maƙwabcina. Na ga ranar da aka binne matarsa, na ga ranar da aka sallame su daga mahaƙa, ban taɓa ganin wannan fuskar ba. Hawaye yana zuba ta ɓangaren da ya shanye, bai ma san yana zuba ba.

Makirufon yana rataye a ƙusa kusa da kaina. A duk zamanmu ban taɓa taɓa shi ba. Dokarsu ce, wanda ba shi da lasisi ba ya magana a iska, shi kuwa Bashi Kasuba ya riƙe wannan doka fiye da yadda ya riƙe ta coci. Ko marigayiya matarsa bai taɓa bari ta ce uffan a ciki ba. Ya sha korar jikokina daga bakin ƙofar da tsintsiya.

Na ciro shi daga ƙusar. Na latsa, ban ji komai ba.

"Mama, sai an juya wani abu," in ji Kasuba. "Ni ban san wanne ba ne."

Muka dube shi mu biyu. Ya dubi makirufon a hannuna, ya dubi takardar lasisinsa da ke cikin gilashi a bango. Na ce a raina, shi ke nan, wannan mai taurin kan zai bar abokinsa ya tafi. Sai ya ɗaga hannun hagu, ya juya wani ɗan maɓalli, ya gyaɗa mini kai.

Ban yi sallama ba, ban faɗi lamba ba.

"Kai Kuruvilla! Kada ka kuskura ka kashe! Wane irin aboki ne kai? Mutum yana kwance, rabin jikinsa ya mutu, ya ja hannun hagu da ƙyar ya gaishe ka, kai kuma kana kiransa ɓarawo? Shi ne! Ga shi nan zaune gabana da bakinsa a karkace!"

Na saki. Shuuu ɗin ya dawo. Na ɗauka ya riga ya tafi.

"Wannan muryar," in ji shi a hankali. "Ke ce matar katanga. Ke ce mai kaji."

"Ka san ni?"

"Shekara nawa ina jin ki a bayansa kina faɗa a kan wayar da ke mangwaronki? Ke ce mai cin ɓera." Da yarenmu ya faɗi wannan, a karkace, yadda Bashi Kasuba ya koya masa. Sai muryarsa ta karye. "Yana jina?"

"Kunnensa lafiya lau. Kunnen biri ne."

"Chisanga," ya kira shi da sunansa na yanka, wanda rabon da in ji wani ya faɗe shi tun matarsa tana da rai. "Ka yafe mini. Ka buga yadda ka iya. Ba inda za ni."

Bashi Kasuba ya mayar da maɓallin inda yake, ya buga 'yan kalmomi. Muka jira. Amsar ta zo, amma ita ma tafiyar gurgu take yi, tana tuntuɓe, tana tsayawa, tana komawa baya. Na ce ko na'urar ce ta lalace. Sai na ji wani sauti daga ƙirjin Bashi Kasuba wanda na fara ɗauka tari ne. Dariya yake yi da rabin fuska. Ya nuna rediyon, ya ɗaga hannunsa na hagu yana kaɗawa.

"Baba, me ya faru?" in ji Kasuba.

"Shi ma," ya ce da ƙyar. "Hagu."

Ashe Kuruvilla ya koma bugawa da hannun hagu ne don su zo daidai. Na ja Kasuba muka fita muka bar su. Muka zauna a gindin piya muna tsince wake, muna jin tsofaffi biyu suna ta tuntuɓe da juna har rana ta karkata. Da na koma ɗaukar kwanona, kunun ya yi sanyi, bai sha ba. Ya kama gefen zanena, ya ce wani abu. Sai da ya maimaita na gane.

"Ba ki da lasisi."

"Ka kai ni ƙara," na ce.

Bai ga wata Lahadin ba. Da hantsin Alhamis ya tafi, Kasuba tana goge masa fuska.

Mu Ngoni 'yan gabas mu ne masu aikin makokin Bemba, kamar yadda su ne masu namu. Mu muka yi girki, mu muka tona kabari, mu muka bi danginsa muna shafa musu garin masara a fuska muna yi musu tsiya don kada kuka ya yi musu yawa. Kowa ya zuba ido ya ji abin da zan ce, tunda an san bakina da shi. Na tsaya a gaban akwatin gawar da gari a hannu na ce, "Ka gudu ka bar mini wayarka a bishiya." Daga nan ban iya ƙara komai ba. Wata ce ta karɓe ni.

Cikin masu gaisuwa akwai wani da ake kira Ba Simwinga daga Ndola, shi ma mai irin wannan rediyo ne. Shi ya sanar da mutanensu a iska. Ya ce suna da al'ada in nasu ya rasu: a ranar da ya saba fitowa, a wurin da ya saba tsayawa, sai a kira lambarsa, kowa ya yi shiru ya bar masa fili ko zai amsa. Ya dawo ranar Lahadi bayan coci ya kunna rediyon Bashi Kasuba. Na baro tukunyar nshima, tuwonmu na masara, a kan gawayi na tsallako, na ce minti kaɗan ne.

Ba Simwinga ya ce akwai mutane da yawa a kan layin, daga wurare masu nisa, duk suna saurare. Ni ban ji kowa ba. Kuruvilla kawai na ji. Ya kira da baki, ya jira. Ya sake kira, ya jira. Na ƙarshen bai yi da baki ba, da ƙwanƙwasa ya yi, a hankali.

Muna zaune mu uku, ba mai motsi. Ƙaurin tuwona ya tsallako katanga ya shigo ɗakin ta taga. Kasuba ta dube ni. Na girgiza mata kai, muka ci gaba da saurare.