Turaren Udu a Kan Hanjin Kaza

A wani ɗan shagon shayi na Indiyawa da ke unguwar Karama a Dubai aka ƙulla maganar, ranar wata Asabar cikin watan Afrilu. Alhaji Halliru ne ya kira zaman, shi ya sayi shayin, Eli kuwa ya zo da cikinsa, sai da ya share faranti biyu kafin ya yarda a shiga magana.

"Sharaɗina uku ne, Alhaji," in ji Eli. "Sandar fatsa da keken naɗin zaren da za ka saya, in ka gama da su nawa ne. Duk kifin da aka kama nawa ne. Sannan abincin ƙugiya ni zan haɗa, ba ka da ta cewa."

"Nawa ɗaya ne," in ji Halliru. "Ka mai da ni masunci nan da Juma'a."

"A kwana shida? Ko tarwaɗa ta fi haka daɗewa kafin ta yi gashin baki."

"Ba na gaske ba, Sarkin Ruwa. Wanda in an hango shi daga nesa za a ce masunci ne."

Eli ya goge hannu a wando ya miƙa, suka tafa.

Halliru ɗan kasuwar turare ne, ya shekara ashirin yana kai da kawowa tsakanin Dubai da Kano, kuma duk jarinsa a hancinsa yake. Ko a rufe kwalba take, yakan gaya maka ko an yi mata haɗi. Abin da ya hana shi sukuni a lokacin shi ne wani dattijon Balarabe, Abu Rashid, mai gidan haɗa udu da turaren wuta, wanda ke neman mutum guda da zai ba amanar kayansa a Kano. Sau uku Halliru yana zuwa ofishin, sau uku 'ya'yan dattijon suna tare shi da gahawa da dabino da "inshallah". A zuwa na ukun ne ya samu gaisawa da tsohon a tsaitsaye, har tsohon ya ba shi 'yar kwalbar udu kamar ɗan yatsa, ya ce ya gwada. Ga kuma Musbahu, wani ɗan Fagge, shi ma yana zagaye ofishin kamar ungulu a mahauta. Daga baya direban gidan ya tsegunta wa Halliru cewa duk Juma'a bayan sallar asuba tsohon yana tafiya shi kaɗai bakin teku, can gaba da Jebel Ali, ya kafa sandarsa ya zauna. Babu 'ya'ya, babu sakatare. Wanda ya tsaya kusa da shi da sanda a hannu, ya samu kunnensa.

Shi kuwa Eli mutumin Numan ne, a bakin kogin Binuwai aka yanke masa cibiya. Gyaran na'urar sanyaya kwantena yake yi a tashar jiragen ruwa, yana kwana a Muhaisnah, su takwas a ɗaki. Shekararsa shida yana kallon teku ta tagar motar kamfani, bai taɓa jefa ƙugiya a ciki ba.

Ranar Litinin suka shiga shagon kayan kamun kifi a Deira. Idon Halliru ya faɗa kan wata gajeriyar sanda mai kauri, kekenta ruwan zinare sai walƙiya yake, ya ɗauka yana juyawa.

"Ajiye, Alhaji. Wannan ta masu jirgin ruwa ce, su da suke sakin zare a ƙarƙashin ƙafarsu. Kai a kan yashi za ka tsaya," in ji Eli.

"Amma ka ga kyanta."

"Kifi ba ya zuwa kallon lefe."

Eli ya zaro wata doguwa, ta kusa kai tsayin mutum biyu da rabi, mai lanƙwasa daga kai kamar gora. Ya ce sai da irinta ake wurga darmar da ke nutsar da ƙugiya ta tsallake inda raƙuman ruwa ke fashewa, don a bayan kumfar nan kifi ke kiwo. Ya zaɓi baƙin keke mara kwalliya, wanda gishiri ba ya ci, mai ɗaukar zare da yawa, ya juya hannunsa kusa da kunne yana sauraro kamar mai sayen agogo. Darma ma ya ƙi mulmulalliya, ya ce ruwa zai mirgino ta, ya ɗauki mai kusurwa da ke kafewa a yashi. Har mai shagon ya gyaɗa kai. Halliru ya ji a ransa cewa bai yi zaɓen tumun dare ba.

Mai shagon ya taimaka musu suka cike takardar izinin kamun kifi a waya, sannan ya buɗe firji ya nuna musu jatan lande da wani farin naman teku mai hannuwa kamar tsumma, wanda Larabawa ke kira habbar. Ya ce da su kowa ke kamu a nan.

Eli ya shinshina ya mayar. "Ba ya warin komai. Ta yaya kifi zai san an zo?"

"Malam Eli, mutumin nan a nan yake sana'arsa."

"Sharaɗi na uku, Alhaji."



Ranar Talata da yamma Eli ya iso Karama da bokitin fenti, murfin a ɗaure da tsumman roba. Hanjin kaza ne, in ji shi, da daddawa, da garin masara, da wani abu da kakansa ya hana a faɗa. Kwana uku yake so ya nuna. In ya ajiye a ɗakinsu, mutum bakwai za su jefo shi da bokitin ta taga, don haka sai bayan motar Alhaji.

"Kada ka buɗe, kada ka girgiza. Rana za ta yi aikinta."

Rana kuwa ta yi. Ranar Laraba Halliru ya ji wani ɗan tsami-tsami ya ce ko takalmi ne. Ranar Alhamis, da suka je wani fili yana koyon wurga darma ba ƙugiya, sai da ya tuƙa motar gilasai a sauke, kansa rabi a waje. Mai gadin benensu ya zagaya motar sau biyu yana leƙen ƙarƙashinta, yana tambaya ko kyanwa ce ta mutu. Mutumin da ko wanka da sabulu mai ƙamshi ba ya yi ranar da zai zaɓi kaya, don kada hancinsa ya rikice, shi ne yau yake yawo da mushe a bayan mota. Ya haɗiye. Kowa ya ci zomo ya ci gudu.

Juma'a, gari na wayewa, suka isa. Tekun ya kwanta, iska na busowa a hankali, ga farar mota can gefe, ga tsoho a kan 'yar kujera da sandarsa a kafe. Suka sauka ɗan nesa da shi. Eli ya kwance robar, ya sa wuƙa ya ɓalle murfin.

Halliru ya taɓa wucewa ta majema a tsakiyar bazara, ya taɓa buɗe kwantenar da kifi ya ruɓe a cikinta. Duk wasan yara ne. Abin cikin bokitin ya kumbura ya yi kore-kore, yana tsattsafo kumfa, yana ɗan numfashi kamar mai rai. Warin bai tsaya a hanci ba, ya sauka maƙogwaro ya zauna a kan harshe. Ƙudajen da ba a san inda suke kwana a wannan fili ba suka iso kafin a ƙirga goma.

"Ya nuna," in ji Eli, fuskarsa kamar ta mai buɗe tukunyar dambu. "Sa hannu, Alhaji."

"Ni?"

"Tsohonka yana kallo. Masuncin da ake ɗaura wa ƙugiya ai ɗan yawon buɗe ido ne."

Halliru ya waiga. Da gaske tsohon ya juyo. Ya naɗe hannun jallabiya, ya ɗauke numfashi, ya tsoma. Abin da ɗumi, ga santsi, hanjin na zillewa tsakanin yatsu. Ya soka shi a ƙugiya da ƙyar, ruwan na gangarowa har gwiwar hannu. Ya ɗaga sanda ya wurga yadda aka koya masa. Darmar ta faɗa cikin kumfa nan gabansu, abincin kuma ya fice daga ƙugiyar ya dawo ya manne masa a kafaɗa.

Eli ya karɓi sandar ba dariya, wanda hakan ya fi dariyar ciwo. Ya ɗaura wani, ya naɗe shi da siririn zare, ya ja baya taku uku, ya juya jiki gaba ɗaya. Zaren ya yi ta kuka yana fita, darmar ta tafi har ido ya daina ganinta. Ba a jima ba kan sandar ya sunkuya. Abin da ya fito tarwaɗar teku ce, mai ƙaya a baya, jikinta duk yauƙi, tana gurnani kamar tsohon ƙyaure. Aka sake jefawa, wata ta fito. Aka sake, wata. Su kaɗai ne a duk tekun suka amsa gayyatar.

A nan ne tsohon ya miƙe ya nufo su.

"Yana zuwa," in ji Halliru, yana kallon hannuwansa.

"Dirje da jiƙaƙƙen yashi, ka ɗauraye da ruwan teku. Ga lemon tsami a jakata. Saura kuma ka bar shi, ai kamun kifi ka zo."

Halliru bai saurare shi ba. Ya za a yi ɗan turare ya gaisa da mai gidan turare yana warin masai? Ya ruga mota, ya goge hannu da takarda sama-sama, ya ciro 'yar kwalbar nan da tsohon ya ba shi. Da ma ya zo da ita don ya ɗiga ɗigo guda a wuyan riga, tsohon ya ji ya san ana girmama kayansa. Ya tuntsurar da rabinta a tafin hannu, ya murza, ya shafa a kafaɗa da gemu.

Da ya dawo ya tarar tsohon ya leƙa bokitin yana dariya har da riƙe ciki. Larabcin kasuwa Halliru ke ji, ya kuma ji abin da yake gaya wa Eli: wai shi a cikin warin busar da kifi ya girma, wannan bai isa ya kore shi ba, amma dai da shi tarwaɗa kaɗai za a kama. In ana son kifin kirki sai da ɗanyen habbar. Sai dai wurgin nan da ya gani, shekara arba'in yana wannan bakin ruwa bai taɓa kai darma can ba.

Sannan ya juyo. "Ya Hajji, kai ne na Kano, ko? Ashe kana kamu."

Halliru ya miƙa hannu biyu. Suka gaisa. Dariyar tsohon ta tsaya a inda take. Ya ɗaga tafinsa ya kai hanci a hankali.

Udu mai kyau ba ya rufe wari, ɗaukar shi yake ya goya. Zaƙin itacen ya haɗu da ruɓaɓɓen hanji da daddawa suka zama wani abu na uku, mai nauyi, mai maiƙo, irin warin ɗakin da aka daɗe ana jinya. Halliru da kansa ya ji, ya kuma san tsohon ya fi shi ji.

"Wannan nawa ne," in ji Abu Rashid.

"Naka ne, ranka ya daɗe. Ba na shafa wani."

"Shekara goma sha biyu yana kwance kafin in zuba shi a kwalba." Ya taka zuwa bakin ruwa, ya tsuguna, ya dirje hannunsa da yashi, ya ɗauraye, ya sake dirjewa. Da ya taso bai ɗaga murya ba. "Da da warin ka zo mini kawai, da mun zauna mun sha gahawa. Kowa ya taɓa kifi ya yi ƙarni. Amma a gabana, ina kallo, ka rufe wannan da kayana. A Kano, inda ba na gani, me za ka rufe da shi? Khalas, shi ke nan, ya Hajji."

Ya dafa kafaɗar Eli. "Yalla, habibi, taho abokina, ɗauko sandarka. Bokitin ka bar wa abokinka."

Halliru ya zauna a kan yashi, shi da bokiti da ƙudaje, yana hango su. Tsohon na nuna wa Eli yadda ake yanka habbar siriri, Eli na gyara wa tsohon tsayuwar ƙafa. Kafin rana ta yi zafi suka fito da wani farin kifi mai faɗi, suna ta tafawa kamar waɗanda suka yi makarantar allo tare.

A hanyar komawa, tarwaɗa tara na motsi a bayan mota, Eli ya ce, "Alhaji, ka gama da sandar, ko za ka ƙara wata Juma'ar?"

"Ɗauki. Da keken, da darmar. Da bokitin."

"Bokitin ba ya cikin sharaɗi."

To, ga yadda rabon ya kasance. Eli ya tashi da sanda da keke, ɗakinsu suka sha farfesun tarwaɗa kwana biyu, kuma tun daga ranar farar motar tsohon ke tsayawa a ƙofar masaukinsu duk Juma'a da sassafe. Abu Rashid ya samu abokin zama, darmarsa ta fara tsallake kumfa. Musbahu, wanda bai taɓa taka yashin ba, bai san hawa ba bai san sauka ba, shi aka kira aka ba amanar Kano. Halliru kuwa garin gyaran gira ya rasa ido: amanar ta wuce shi, motar sau uku ana wanke ta har ya gaji ya rabu da ita, rabin kwalbar da ta rage kuma tana nan cikin akwatinsa. Ya buɗe ta sau ɗaya bayan shekara guda, hancin nan nasa da ba ya mantuwa ya jiyo hanjin kaza, ya mayar da murfin.