Ramin Waya a Bayan Katangar Lantana

"Yahuza, kai ka sa aka tone shi, kuma kana sane!"

Daga bakin zaure Lantana ta jefo maganar, ko sallama ba ta yi ba. Yahuza ƙanin marigayi mijinta ne, shi ne kuma mai unguwarsu a Likoro. Yana zaune da baƙo, wani matashi wai shi Salman, shugaban masu haƙa ramin waya. Sai ya bushe da dariya, don tun tana amarya suke wasan ƙanin miji.

"Matar yaya, yau kuma da wace kika zo? Goron ne ya ƙare?"

Ta kwance bakin mayafinta, ta zube masa tsingaro a kan tabarma, fasassun guntayen tukunya da jar ƙasa a jikinsu.

Tun farkon rani masu ramin suka iso garin, suna bin gefen titi. An ce waya ce mai zaren gilashi a ciki, daga bakin teku ake jawo ta za a kai wa mutanen Nijar, tunda su ba su da teku. Lantana ba ta ga abin da ya shafe ta ba. Wayar hannunta ma 'yarta Ummuhani ke danna mata.

Ranar da suka zo awo bayan katangarta, tana wurin, tana shanya kuɓewa da matan maƙwabta. Da kunnenta ta ji Salman ya tambaya ko akwai tsohuwar rijiya ko wani abu da ya kamata a kauce wa. Akwai kuwa. A gindin katangar nan aka binne ɗanta na fari, wanda ya koma tun bai iya zama ba, yau shekara arba'in da wani abu. A lokacin jarirai a bayan katangar gida ake binne su. Amma ɗan fari ne. Ko da yana raye ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa yi masa wasa a gaban mutane ba. Ranar da ya rasu ma a ɗaka ta haɗiye kukanta, kada a ce ba ta da kunya. To, yanzu da furfurarta za ta buɗe baki gaban baƙin maza ta ce ɗana yana nan?

Sai ta dubi Yahuza, wanda ya rako masu awon. Shi ya haƙa kabarin da hannunsa, shi ya rungumo yaron a tsumma. Ta zuba masa ido tana jira. Ya ce, "Ba komai a nan, ku wuce." Ita kuwa ta kwashe kuɓewarta ta shige gida.

Abin da ya fi ci mata rai, kashegari da suna haƙa, da kanta ta dama kunu ta aika musu, don an ce mata rana ta buge su. Suka sha, suka sa mata albarka ta kan katanga, suka ci gaba da sara. Yau da hantsi ta zagaya, ta tarar da rami har ƙugu, an shimfiɗa baƙin tiyo a ciki ba a rufe ba tukuna. A tarin ƙasar da aka fitar ta ga tsingaron. Ta gane zanen bakinsa. Tukunyar aurenta ce, wadda surukarta ta fasa aka rufe yaron da ita. Ta tona ƙasar da yatsunta, ba ta sami komai ba sai wannan.

Yahuza ya ɗauki guntu ɗaya ya juya shi. Dariyar ta ɓace.

"Innalillahi. Wallahi, matar yaya, mantawa na yi. An daɗe fa."

"Mantawa? Iyakar gonar kakanka ba ka manta ba, har dutsen da aka kafa ka sani. Sai wannan?"

"To ke ba kina wurin ba? Me ya hana ki magana?"

Maganar ta soke ta, don ita take yi wa kanta tun safe. Ta sunkuyar da kai. Tuni mata suka taru a ƙofar zaure, har da Ummuhani, wadda ta girma tana zaton ita ce ta fari.

Salman ya gyara zama, ya cire hularsa ta aiki. "Iya, ki yi haƙuri, ni ban gane ba. Kabari ne? In kabari ne, gobe ba za mu rufe ramin ba, sai a janye tiyon a zagaye wurin. Amma ofis ba za su yarda da tsingaro kawai ba. Sai an ce mini waye, kuma na wa."

"Wani ne," in ji ta.

"Wane ne, Iya?"

Ta sake duban Yahuza, irin kallon ranar awo. Shi kuwa ya kafa wa tabarma ido. Ta ji kamar an yaye mata zani a tsakiyar kasuwa. Amma in ta sake yin shiru, gobe za a mai da ƙasa, hirar duniya ta riƙa bi ta makwancin yaron har abada.

"Safiyanu," ta ce. "Sunansa Safiyanu. Ni na haife shi."

Wata tsohuwa a ƙofa ta kama baki. Ummuhani ta ce, "Inna?" Lantana ba ta waiwaya ba, ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta, ta nuna Yahuza da yatsa.

"Ni na faɗi abin da uwa ba ta faɗa, kunyata ta zube a zaurenka. Saura kai. Tashi ka kira liman, ka ɗauki fartanya, mu je. Ka tsaya bakin ramin nan ka nuna inda ka kwantar da shi, ka mai da masa ƙasarsa da hannun da ka haƙa. Sannan ka gaya wa jama'a da bakinka, me ya sa ka ce ba komai a nan? Tashi ka amsa, Yahuza!"