Hannayen Rauda a Taron Djougou

Shekara biyu ke nan da yi wa Rauda baftisma, amma hannayenta ba su samu labari ba. Da zarar an ce Amin a majami'arsu ta Banikanni, sai tafukanta su tashi da kansu su shafa fuskarta, yadda aka koya mata a gidan ubanta a Zongon Parakou tun ba ta iya ɗaura zane ba. Matan da aka haifa cikin majami'a ba su taɓa ce mata uffan ba. Kallon juna kawai suke yi, cikin ƙauna irin ta 'yan'uwa.

Fasto ya danƙa ta a hannun Mama Turai domin ta rene ta cikin bangaskiya. Mama Turai tsohuwar ungozoma ce, ita ma 'yar Zongo, kuma tana da nata tsarin koyarwa. Kowace Alhamis Rauda ta zo da Littafi Mai Tsarki, sai a miƙa mata taɓarya. Ana dakan sakwara ana tambaya: wa kika yafe wa makon nan, kin je gai da innarki? Aya ɗaya ake karantawa, amma sai an bi ta da ita har cikin barcinta.

Da zumuntar mata ta sa babban taro a Djougou, Mama Turai ta ba da sunan Rauda a kan addu'ar rufewa. Ba ta ga dalilin tambayarta ba.

"Mama, ku cire sunana," in ji Rauda ranar Alhamis, taɓarya a hannu.

"Murya ce babu? Jiya daga nan nake jin ki kina ciniki da mai kabu-kabu."

"Hannuna ne. Gaban duk matan nan zan shafa, su ce ban gama fitowa daga gidanmu ba."

"To kin gama ne?"

"In aka yi mini dariya a Djougou, ni da majami'a sai dai daga nesa."

Mama Turai ta dube ta, ta ga da gaske take. Ta ce, "Doya na hucewa, 'yata. Daka."

Rauda ta yi dabararta: za ta riƙe Littafin da hannu biyu, gam, har a gama Amin. A cikin mota, daga Parakou har Djougou, abin da take gwadawa ke nan. Sai dai matan Djougou suna da ladabi. Da aka kira ta, shugabar taro ta taso ta karɓi Littafin don kada ya yi wa baƙuwa nauyi, ta tsayar da ita gaban makirfo mai ƙafa. Rauda ta tsaya hannu sake.

Ta fara addu'a. Ta roƙa wa manoman ƙauyen Bariénou ruwa, ta roƙa wa mata masu ciki sauka lafiya. Da ta zo kan innarta, mai fama da ciwon ƙafa, ta manta da taron gaba ɗaya. Aka ce Amin. Sai da ta ji ɗumin tafukanta a kumatu ta san aikin gama ya gama.

Wata a baya ta yi ɗan tari mai kama da dariya.

Mama Turai na zaune a layin manya, inda kowa ke ganinta. Ta ɗaga hannu biyu ba gaggawa, ta shafa fuska daga goshi har haɓa, ta ce Amin da ƙarfi. Tsofaffi biyu na kusa da ita suka bi, don ba a saba barin Mama Turai ita kaɗai ba. Sauran suka duƙufa neman takalmansu.

Matar faston Djougou ta matso. "Mama, sabon tsari ne daga Parakou?"

"Tsoho ne, Madam. Ban ga inda aka hana ba. In kin gani, ki nuna mini."

Matar fasto ta ce za ta duba.

A hanyar komawa Rauda ta jingina da kafaɗar tsohuwar, tana jiran yabo.

"Addu'arki ta yi tsawo," in ji Mama Turai. "Kuma kin bar zawarawa a waje."

Ranar Lahadi Rauda ta zo a makare, kamar kullum. Ta wuce bencin baya inda ta saba ɓuya, ta ce wa matan tsakiya su matsa mata.